Dutsen Da Bai Yi Gumi Ba

A duk ginin 'yan kasuwar duwatsu masu daraja, hawa uku da ɗakuna sama da arba'in, taga ɗaya ce tak ba ta ƙarya. Tana hawa na uku, a kusurwar ofishin mai ginin, kuma yadda aka kafa ta rana ba ta taɓa faɗowa cikinta kai tsaye. Haske ne ke shigowa fari tas, ba ja ba rawaya, daga ƙarfe tara har wajen sha biyu. Sauran ɗakunan da fitila suke aiki, ita kuwa fitila munafuka ce, sai ta sa gindin kwalba ya yi maka kama da kayan gado. Saboda haka duk mai son sayen zumurrudu, koren dutsen nan mai tsada, da hankalinsa a jikinsa, dole ya hau matakala ya kawo dutsen ƙarƙashin wannan tagar.

Ƙarƙashin tagar akwai tebur, bayan teburin akwai mace, shi ya sa sunanta ya ɓace a bakin mutane, kowa Mai Taga yake ce mata. Shekarunta hamsin da takwas. Gwiwoyinta sun daɗe suna yi mata gardama a kan matakalar, amma idonta na dama bai taɓa ba ta kunya ba. Teburin na mahaifinta ne, hantsakin ma nasa ne, da ɗan madubin dubawa mai bakin tagulla da take ratayawa a wuya. Shekara ashirin da shida ke nan tana zaune a kujerarsa. Ba ta saye, ba ta sayarwa. Nata ta duba dutse kafin a saya, ta faɗi ko na ƙasa ne ko na masana'anta, launinsa ya kai ko bai kai ba, lafiyayye ne ko rufa masa asiri aka yi.

Sai dai ba kowa take faɗa wa ba. A ginin akwai wata ƙa'ida da ba wanda ya taɓa rubutawa: mai duba na mai saye ne. In ta gama, mai saye zai sunkuyo ya kawo kunne ta raɗa masa abin da ta gani, mai sayarwa kuwa ya ɗaga kai yana kallon fankar silin kamar yau ya fara ganinta. Raɗa suke ce wa abin. Haka mahaifinta ya yi, haka ta tarar, kuma ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta ko daidai ne ba, don ba ta taɓa ganin wanda ya tambaya ba.

Kunnen da ya fi zuwa bakinta na mai ginin ne, wanda ya fi kowa sayen zumurrudu a wurin. Yallaɓai kowa ke ce masa. Ita kaɗai ke kiransa Auta in babu mutane, domin tana budurwa tana koyon aiki lokacin da yake rarrafe a ƙarƙashin teburin nan yana cusa tsakuwa a baki. Ya gaji ginin, ya gaji tumbin mahaifinsa, ya bar mata kusurwar ba haya ba komai. Ba a taɓa faɗin sharaɗin da baki ba, amma su biyun sun san shi: tagar tana hannunta muddin raɗar tana kunnensa.

Ranar da abin ya faru, wajen ƙarfe goma, wani mutum ya shigo ko ƙwanƙwasawa bai yi ba. Dogo ne, sanye da rigar direbobin bas mai lamba a ƙirji, da baƙar leda a hannu. Ya dire ledar a teburin mai ginin har abin da ke ciki ya yi ƙara.

"An ce ku ke sayen irin tarkacen nan," ya ce. "Ni ba zama na zo yi ba. Sha ɗaya da rabi zan karɓi mota."

Mai Taga ta gane shi tun kafin ya faɗi ko wane ne, don kunnuwan na ubansa ne sak. Ɗan Mai Faifai ne, tsohon da ya shekara arba'in yana yanka dutse yana goge shi a kan faifansa mai juyawa, a ɗan lungun da ke ƙarƙashin matakala, wanda ya rasu wata biyu da suka wuce. Ta yi masa gaisuwa. Ya amsa da kai kawai, kamar fasinja ne ya tambaye shi ko motar na tsayawa a kasuwa.

Mai ginin ya buɗe ledar ya fito da kwalba mai faɗin baki, cike da mai rawaya-rawaya, a ƙasanta ga duwatsu kore-kore kwance a kan juna. Ya ɗaga ta ya girgiza, duwatsun suka bugi gilashin. Mai Taga ta ji bugun har cikin haƙoranta.

"'Yan wanka," ya ce yana murmushi.

Zumurrudu dutse ne mai laulayi. Da wuya a sami wanda ba shi da tsaga, kuma in tsagar ta fito har fatar dutsen, sai ta yi fari-fari ta kashe launin. Maganin da 'yan sana'ar suka sani shi ne mai: a jiƙa dutsen a ciki, man ya bi tsagar ya cike ta, ido ya daina ganinta. Ba laifi ba ne in an faɗa wa mai saye. Amma kowa ya san dutsen da ke kwana cikin kwalbar mai wata da watanni, majinyaci ne da ba zai iya fita kasuwa da fuskarsa ba. Su ake kira 'yan wanka. A kwalba ake cinikinsu gaba ɗaya, ba wanda ke ɓata idonsa a kansu ɗaya-ɗaya.

Mai ginin ya danna farashi a 'yar kalkuletarsa ya juya ta wajen direban. Direban ya leƙa, ya taɓe baki, ya ce shi ke nan, a sallame shi ya tafi.

"Yaya," mai ginin ya ce, ko waiwayowa bai yi ba, "ɗan leƙa mana, don cika ƙa'ida."

"Ba na leƙe," ta ce. "Ko in duba, ko in bari."

"To duba ɗin, amma da sauri. Bawan Allah na da aiki."

"Ni kuma wasa nake yi a nan."

Ta shimfiɗa tsumma, ta ɗora mataci a bakin kofi, ta juye kwalbar a hankali. Duwatsu goma sha tara ne. Ta riƙa ɗaukar su da hantsaki, ta tsoma a ruwan sifirit, ta goge da auduga, ta jera su a kan farar takarda. Sannan ta jawo fitilar tebur ta sunkuyar da kanta kusa da su, ba don haske ba, don ɗumi. Dabarar mahaifinta ce. Dutsen da ya sha mai, in ya ji ɗumi sai ya yi gumi, man ya biyo tsagar ya fito ya ɓata takarda. Daga faɗin tabon ake gane girman ciwon.

Direban ya duba agogonsa. "Dafa su za ki yi, Mama?"

"In kana sauri ga ƙofa can. Duwatsun ba su da motar karɓa."

Ya ja tsaki ƙasa-ƙasa ya jingina da bango. Mai ginin ya koma ga wayarsa. Ita kuwa ta zuba wa takardar ido. Ba a jima ba tabo ya fara fitowa, nan ɗan ƙarami, can mai faɗi, wani dutsen ma kamar zai yi iyo a cikin nasa. Ta bi su da kan hantsaki tana ɗagawa, tana gyaɗa kai. Majinyata ne, kamar yadda aka ce. Har ta iso kan na biyun ƙarshe, ta ɗaga shi, ta ga ƙarƙashinsa fari tas.

Abin da ya fara zuwa ranta shi ne gilashi ne. A sana'arta yawan tsafta abin tuhuma ne, dutsen da ya cika kyau yawanci ko kwalba aka yanka, ko a masana'anta aka dafa shi. Ta kashe fitilar, ta juya kujerarta ga tagar, ta kai madubin idonta na dama.

Babu ƙwayar iska mai zagaye irin ta gilashi. Babu alamar hannun masana'anta. Can ciki, ta gefe ɗaya, akwai 'yan alamomi masu tsini-tsini kamar haƙoran zarto, abin da 'yan sana'ar ke kira lambu, shaidar cewa ƙasa ce ta haifi dutsen. Amma lambun a rufe yake a ciki, ko ɗaya bai taɓo fata ba. Ta juya shi fuska bayan fuska, tana barin haske ya zame a kan kowace, tana neman ko da zare ɗaya na tsaga. Ba ta samu ba. Shekara nawa ya yi a cikin man, oho, amma man bai sami ƙofar shiga ba.

Ga launi kuma. Kore ne cikakke mai ɗan shuɗi daga ƙarƙashi, bai yi duhu har ya koma baƙi-baƙi ba, bai yi haske har ya koma ruwa-ruwa ba, daga wannan gefe zuwa wancan ba inda ya tsinke. Yankan mai kusurwa huɗu ne, an datse kusurwoyin don kada su ɓalle, kowane layi ya je ya haɗu da ɗan'uwansa daidai wa daida. Ta san hannun. Na Mai Faifai ne, a ranar da hannun ya fi kowace rana lafiya. Ta ɗora shi a sikeli, ya ba ta karat huɗu da ɗan ɗori. A shekara ashirin da shida da ta yi a kujerar nan, sau biyu ta taɓa ganin irinsa.

Nan ta gane wayon tsohon, har ta kusa yin dariya. Sau biyu ɓarayi suna fasa ginin nan, suka kwashe akwatunan ƙarfe da duk abin da ke ƙunshe a takarda. Wane ɓarawo ne zai ɗauki kwalbar mai da ke ajiye a fili kusa da butar shayi? Tsohon ya ɓoye sarki a cikin majinyata. Abin da bai yi tunani ba shi ne ba ɓarayi kaɗai ne ba sa duba cikin kwalbar ba, 'yan sana'ar ma ba sa dubawa, kuma ya tafi bai faɗa wa kowa ba.

Mai Taga na da wata ɗabi'a da ita kanta ba ta san tana yi ba. In ta ga dutsen kirki, sai ƙafarta ta hagu ta sulale daga takalmi ta dafe ƙasa. Mutumin da ya yi rarrafe a ƙarƙashin teburin kuwa ya daɗe da sanin haka. Mai ginin ya ɗago daga wayarsa, ya dubi takalmin zaune shi kaɗai, ya ajiye wayar a hankali. Ya taso ya sunkuyo ya kawo kunne, kamar kullum. Sai dai yau shi ya fara raɗar.

"Na gani, Yaya. Ce mini 'yan wanka ne, mu sallame shi."

Ta dubi dutsen. Kalma biyu ce, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, sha takwas cikin sha tara 'yan wankan ne. Mutumin ya riga ya amince da ciniki, shi ke ma roƙo a sallame shi. Bai girmama ta ba, ko gaisuwar ubansa bai amsa da baki ba. Ba ta jin tausayinsa ko kaɗan, in ma da hali so take ta ja masa kunnen nan na gado. Ta buɗe baki za ta yi raɗar.

"Shekara arba'in," direban ya ce daga jikin bango, ba da kowa yake ba. "Shekara arba'in yana gugar tsakuwa a rami. Bai san ajin da muke ba a makaranta, bai san ranar da mahaifiyarmu ta fara ciwo ba. Ga abin da ya bari, kwalbar mai. Da ma gyaran takalmi ya koya."

Wani abu ya taso mata. Fushi ne, kuma ba na yau ba ne. Ta tuna tsohon da ƙusumbinsa da yatsunsa da suka kanannaɗe, yadda yake hawowa nan da dutse a tafin hannu ya tsaya daga nesa yana jira manya su gama. Ga mafi kyawun aikin da ya yi a duniya a bakin hantsakinta. In ta yi raɗar, dutsen zai shiga akwatin ƙarfe, ya fita ƙasar da sunan wani, ɗan kuma ya tsufa yana gaya wa 'ya'yansa cewa kakansu tsakuwa ya goga.

"Ɗaga kanka, Auta," ta ce, da muryar da ake ji har ƙofa. "Yau ba raɗa."

Bai ɗaga ba. "Yaya, ki yi hankali."

"Da hankalina nake. Kai direba, matso nan."

Mai ginin ya miƙe tsaye, fuskarsa ta haɗe. Ƙofar ofishin a buɗe take, kuma a ginin nan magana ba ta buƙatar ƙafa. Kafin direban ya taka zuwa teburin, dillalai uku sun tsaya a baranda, kowa na yi kamar wani abu yake nema a aljihu.

"Sha takwas ɗin nan," ta ce tana nuna takardar, "kuɗin da ya taya maka daidai ne, har ma ya yi maka alheri. Wannan kuwa daban yake. Na ƙasa ne, ba tsaga a fatarsa, bai sha mai ba, launinsa ya kai inda launi ke kaiwa. Shi kaɗai ya fi kwalba ɗari irin wannan. Mahaifinka ɓoye shi ya yi."

Direban ya dube ta, ya dubi mai ginin, ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Wani sabon salo ne kuma wannan? Kun haɗa baki ne, ɗaya ya zuga ɗaya ya danne? Ni fa kullum da 'yan damfara nake yini a mota."

"Ka ga, Yaya?" mai ginin ya ce. "Ga wanda kike zubar da mutuncinki a kansa."

"Ba a kansa nake yi ba. Zauna, kai kuma, ka rufe mini baki."

Ta tashi daga kujerar, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba, ta danna kafaɗar direban ya zauna. Ta cire madubin daga wuyanta ta sa masa a hannu. Ya riƙe shi nesa da fuska kamar mai karanta takardar magani.

"Manna shi a ido. Kada ka rufe ɗayan, ba harbi za ka yi ba. Dafa hannunka a kumatu don kada ya yi rawa. Yanzu ni zan kawo dutsen, kai dai ka tsaya."

"Ba na ganin komai sai kore."

"Jira."

Ta matso da hantsakin kaɗan-kaɗan. Ta san daidai lokacin da ya gani, don numfashinsa ya tsaya.

"Bi layin nan na sama har kusurwa," ta ce. "Ka ga inda uku suka haɗu? Ko gashi ba zai shiga tsakaninsu ba. Dutsen nan in ka matsa masa fiye da kima a kan faifai, fashewa yake. Kuskure ɗaya, shi ke nan. Da ido da yatsa ya yi wannan, a ramin da kake faɗa, da fitila ɗaya. A ginin nan kaf babu mai iya yin sa yau. Na yarda bai san ajinku ba, wannan tsakaninka da shi ne. Amma kada ka ƙara ce masa mai gugar tsakuwa a gabana."

Direban ya daɗe bai ɗago ba. Sha ɗaya da rabi ta zo ta wuce, bai duba agogo ba. Da ya sauke madubin, idon da ya yi kallon ya yi ja, ɗayan ma haka.

"Ban san ya iya ba," ya ce.

Mai ginin ya gyara murya, ya ɗauko kalkuletarsa, fuskarsa ta koma ta ciniki. Ya ce ai magana ba ta ƙare ba, a zauna a yi ta fahimta, shi mutum ne mai son a rabu lafiya. Mai Taga ba ta ko dube shi ba. Ta jawo takardar shaida ta rubuta nauyi da launi da yanka, ta rubuta na ƙasa ne, ba mai, ta sa hannu ta buga hatiminta. Ta naɗe dutsen a takarda mai laushi ta miƙa wa direban duka biyun.

"Kada ka sayar yau. Kada ka sayar wa kowa a ginin nan sai ka kai shi wurare uku sun gani da rana. Kada ka sa shi aljihu ɗaya da makullin mota, kada ya ga ruwan zafi. Tashi ka tafi."

Ya tashi. Ya mayar da sha takwas ɗin cikin kwalbar da hannunsa, ya juye man a kansu, ya ɗaure ledar. Ko su bai bari ba. Ya ratsa dillalan ya fita. Godiya dai ba ta ji ba, kuma ba ta sa rai ba.

Mai ginin ya tura ƙofar ya rufe. Da ya juyo, ba Yallaɓai ba ne, Auta ne, kuma ransa a ɓace yake da gaske.

"A gaban mutane, Yaya. Kin kira ni Auta a gaban mutane, kin cire mini abinci daga baki. Me na yi miki? Shekara nawa kina nan, na taɓa ce miki kanzil?"

"Ba ka taɓa ba."

"To saurara. Ba dutsen ne ya dame ni ba, wani zai zo. Amma in mai duba za ta riƙa zaɓen ranar da za ta yi raɗa, ba mai sake kawo kunnensa nan. Ki fita yanzu ki ce musu kuskure kika yi, kin sake tunani, idonki ne ya gaji. Ki ce ba za a ƙara ba. In kin faɗa, gobe ki zo ki zauna kamar ba a yi ba."

"Idona bai gaji ba."

"Na sani. Ki dai faɗa."

"Ka ce in fita in yi wa idona ƙazafi don in ci gaba da zama a inda zan yi amfani da shi? Ba zan faɗa ba, Auta. Kuma ko na zauna, raɗa ta ƙare. Wanda ya kawo dutse zai ji abin da na gani, da mai saye da mai sayarwa."

"To ba a tagata ba."

"Na sani."

Ta saka takalminta. Ta buɗe jakarta ta fara zuba kaya: hantsaki, sikeli a cikin akwatinsa, hatimi, kwalbar sifirit, sauran farar takarda. Ta sunkuyar da kai, don ba ta so ya ga fuskarta. Tsoro take ji, ba wani abu ba. Gidanta tagogi biyu gare shi, duka bangon maƙwabci suke kallo. Ba ta san wata taga irin wannan ba a duk garin, kuma mai duba ba tare da haske ba tsohuwa ce kawai mai ciwon gwiwa. Tana son kusurwar nan fiye da yadda ta taɓa faɗa wa kowa, har mijinta. Sha biyu ta kusa, hasken ya fara ja da baya daga kan teburin. Ta tsaya ta dube shi sau ɗaya, ta ja zip ɗin jakar.

"Teburin na babana ne," ta ce. "Surukina zai zo da mota ya ɗauka. Kada a ja shi a ƙasa, ƙafa ɗaya ba ta da ƙwari."

Auta ya kau da kai. Yana tsaye ya ba ta baya.

A baranda dillalan suka dare suka ba ta hanya. Mutanen da suka shekara suna ce mata Yaya, yau kowa ya sami abin kallo a wayarsa. Ta ɗaga kai ta ratsa su. Ta kama ƙarfen matakala ta fara sauka, taka ɗaya, hutu ɗaya, jakar na bugun cinyarta.

A hawa na biyu akwai benci inda ƙananan masu kawo kaya ke zama suna jiran a kira su sama. Wani tsoho gajere mai jakar fata ya tashi daga kai ya tsaya a gabanta. Labari ya riga ta sauka. Ta zaci sannu zai yi mata, har ta shirya abin da za ta ce don kada ta yi kuka.

"Mai Taga," ya ce a hankali, "shekara uku da suka wuce na kawo wani dutse. Mai siffar ƙwai. Kin daɗe a kansa. Me kika raɗa masa?"

Ta tuna dutsen. Karat biyu da rabi, ɗan mai kaɗan a gefe ɗaya, launi mai kyau ƙwarai. Ta tuna shi ma, zaune yana kallon fanka, hularsa a kan gwiwa. Tana iya cewa ta manta, ba wanda zai ƙaryata ta.

"Na ce masa mai kyau ne, kada ya bari ka fita da shi."

"Shi kuma ya ce mini ya sha mai da yawa."

"Na ji lokacin da ya faɗa."

"Kina zaune."

"Ina zaune."

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya dube ta kawai, kuma kallon ya fi mata duk abin da Auta ya faɗa zafi. A bayansa wasu biyu sun tashi daga bencin, wata mata mai ƙunshi a hannu da wani mai farin gemu, kowannensu ta san fuskarsa, ta kuma san dutsensa. Ga hanya a buɗe ta gefen hagu, sauran matakala ashirin ta kai titi.

Mai Taga ta ajiye jakar. Ta dafa bango ta zauna a kan matakalar, ta miƙe ƙafar da ta fi ciwo.

"Ku zo ɗaya bayan ɗaya," ta ce. "Ba wanda na manta."